Roberto Clemente: Ya cika bugu 3,000, ya rasu a hanyar kai wa mabukata taimako

Ranar Asabar 30 ga watan Satumba na shekarar 1972, a filin wasa na Three Rivers da ke birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka, wani baƙar fata ɗan shekara 38 mai suna Roberto Clemente ya ɗaga kulkinsa ya maka wa ƙwallo bugun da ya kai ta can kusa da katangar fili. Kafin abokan hamayya su tsinto ta su jefo, ya riga ya isa zango na biyu. Aka tsayar da wasa, alƙalin wasa ya miƙa masa ƙwallon, shi kuma ya cire hularsa ya ɗaga wa 'yan kallo. Mutum 13,117 ne kawai suka shiga filin a ranar, domin wasan ba shi da wani tasiri a kan teburin gasa. Amma bugun shi ne na 3,000 da Clemente ya yi tun da ya shiga babbar gasar besbol ta Amurka, kuma mutum goma ne kacal suka riga shi kaiwa wannan adadi.

Babu wanda ya san cewa lissafin zai tsaya a nan. Wata uku bayan haka, a daren 31 ga Disamba, jirgin saman da ya ɗauko shi tare da kayan agaji ya faɗa cikin teku. Har yau adadin da ke gaban sunansa a littattafan tarihin wasan 3,000 ne cif, babu ƙari babu ragi.

Besbol ba wasan da aka saba da shi ba ne a Dakoro ko sauran garuruwan jihar Maraɗi, inda kokowa da ƙwallon ƙafa suka fi ɗaukar hankali. To amma abin da ya hau da Clemente wancan jirgi abu ne da mutanen wannan yanki suka sani sarai: kayan taimako da aka tara da sunan talakawa, wasu masu iko suka tare su a hanya.

Yadda ake wasan, da abin da 3,000 ke nufi

Ƙungiya biyu ne ke karawa, kowace da mutum tara. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili, sannan su yi musanya, har zagaye tara. A tsakiyar fili akwai mai jifa, wanda ke wurgo ƙaramar ƙwallo mai tauri daga nisan mita 18 da 'yan kai, da gudun da yakan wuce kilomita 140 a awa. Mai bugu yana tsaye da kulkin katako yana jiran ta. Idan ya same ta, sai ya yar da kulkin ya sheƙa da gudu zuwa zango na farko, mai nisan kamar mita 27, kamar ɗan langa da ke neman isa gida kafin a kayar da shi. Zango huɗu ne a jere a kewaye, wanda ya zagaye su ya dawo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsu maki ɗaya.

Ba kowane taɓa ƙwallo ake ƙirgawa ba. Idan masu tsaro suka cafe ta a sama, ko suka riga mai bugu kai ta zango, ya fita. Idan kuma ya tsira ne saboda kuskuren mai tsaro, ba a rubuta masa. Sai wanda ya buga ta inda babu mai kamawa, ya isa zango lafiya da ƙoƙarin kansa, shi ake rubuta wa bugu ɗaya. Abin yana da wuya ƙwarai, har ta kai wanda ke samun uku cikin kowane zuwa goma ana sa shi cikin gwanaye.

A shekara ana yin wasa 162, a da kuwa 154 ne. Ɗan wasan da ya tara bugu 200 a kaka ɗaya ya yi abin a yaba. Ke nan kafin mutum ya kai 3,000 sai ya yi shekara 15 yana maimaita irin wannan kaka ba tare da fashi ba, ko kuma ya yi kusan shekara ashirin yana wasa ba tare da rauni ko tsufa sun kayar da shi ba. Shi ya sa, cikin dubban mutanen da suka buga babbar gasar a tsawon fiye da ƙarni ɗaya, 33 ne kawai suka kai. Kafin Clemente akwai irin su Honus Wagner da ya kai a 1914, da Ty Cobb a 1921, da Stan Musial a 1958, sai Hank Aaron da Willie Mays, baƙaƙen fata na farko da suka shiga sahun, dukansu a 1970. Clemente ne na goma sha ɗaya, kuma shi ne na farko daga yankin Latin Amurka.

Ɗan gonar rake

An haifi Roberto Clemente Walker ranar 18 ga Agusta 1934 a unguwar San Antón ta garin Carolina, a tsibirin Porto Riko da ke yankin Karibiyan. Tsibirin yana hannun Amurka tun 1898, mutanensa suna da takardar zama 'yan Amurka tun 1917, amma harshensu Sifaniyanci ne. Mahaifinsa, Melchor Clemente, shugaban leburori ne a gonakin rake. Mahaifiyarsa, Luisa Walker, tana wanki da sauran ƙananan sana'o'i don taimaka wa gida. Roberto shi ne auta. Tun yana yaro ya san aikin ƙarfi: yana taya mahaifinsa lodi da saukale, yana ɗaukar garewanin madara yana kai wa mutane a biya shi 'yan kuɗi kaɗan.

Yaran unguwar ba su da kuɗin sayen kayan wasa. Reshen itace ne kulkinsu, tsumma da aka ɗaure ko gwangwanin da aka lotsa shi ne ƙwallonsu. A makarantar sakandare Roberto ya yi fice a tsalle da jifan mashi, kuma wannan hannu na jifan mashi shi ne daga baya ya zama abin tsoro a filayen Amurka. Yana ɗan shekara 14 wani mutum mai suna Roberto Marín, wanda ke kula da ƙungiyar wasa ta wani kamfanin shinkafa, ya gan shi yana bugu ya ɗauke shi. Clemente bai taɓa manta wannan mutum ba.

A lokacin hunturu, idan an rufe gasa a Amurka, 'yan wasa baƙaƙen fata kan zo Porto Riko su buga, inda ba a nuna musu irin wariyar da suke sha a gida. Cikinsu akwai Monte Irvin, wanda yaron ya ɗauka tamkar madubi. Yakan hau mota daga Carolina zuwa San Juan, babban birnin tsibirin, don kawai ya gan shi yana wasa. A watan Oktoba 1952, yana da shekara 18, ƙungiyar Santurce ta ɗauki Clemente a kan dala 40 a mako.

Kafin a jima labarinsa ya ƙetare teku. A watan Fabrairu 1954 ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn, wadda ta kawo Jackie Robinson a 1947 ya zama baƙar fata na farko a babbar gasar a wannan zamani, ta ba shi dala 10,000 na sa hannu. Maimakon ta riƙe shi a babbar ƙungiya, sai ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta da ke Montreal a Kanada, inda ya sha zaman benci. Sai dai akwai doka a lokacin: duk matashin da aka ba fiye da dala 4,000 na sa hannu ba a kuma riƙe shi a babbar ƙungiya ba, wata ƙungiya tana iya ɗauke shi a ƙarshen shekara. Ƙungiyar Pirates ta Pittsburgh ce ta zo ta ƙarshe a rukuninsu a wannan shekara, kuma ita ke da zaɓin farko. Ranar 22 ga Nuwamba 1954 ta biya dala 4,000 ta ɗauke shi. A can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, kaka 18.

A ƙarshen wannan shekarar ne kuma wani direba da ya sha ya bugu ya daki motarsa, sannan ya yi rashin yayansa Luis. Haɗarin ya taɓa masa ƙashin baya, ciwon da bai rabu da shi ba har ya bar duniya.

Baƙo biyu a jiki ɗaya

Ya fara wasa a babbar gasar ranar 17 ga Afrilu 1955, kuma da tsohuwar ƙungiyarsa ta Dodgers aka kara. A zuwansa na farko ya samu bugu na ɗaya daga cikin 3,000 ɗin. Daga baya a wannan kaka ya koma sa riga mai lamba 21, daidai da yawan haruffan cikakken sunansa.

Pittsburgh gari ne na masana'antun ƙarfe, mai sanyi da hayaƙi, kuma a lokacin masu jin Sifaniyanci ba su da yawa a cikinsa. Clemente ya samu kansa baƙo ta fuska biyu. Ga fararen fata shi baƙi ne. Ga baƙaƙen Amurka kuma shi mutumin wani tsibiri ne da ba ya jin Turanci sosai. Abin ya fi muni a jihar Florida, inda ƙungiyar ke zuwa atisaye kafin a buɗe gasa. Dokokin wariya na kudancin Amurka sun hana shi kwana a otal ɗin da abokan wasansa farare ke sauka, sai dai a raba su gidajen baƙaƙen fata a wata unguwa ta daban. Idan ƙungiya tana kan hanya aka tsaya cin abinci, farare su shiga gidan abinci, baƙaƙe su zauna cikin mota su jira a miƙo musu. Clemente bai taso da irin wannan a gida ba, kuma ya ƙi sabawa da shi. Ya ƙi cin abincin da ake kawowa cikin mota, ya matsa wa shugabannin ƙungiyar lamba har sai da suka ba 'yan wasa baƙaƙe motarsu ta daban, su je inda za a karɓe su su ci a zaune kamar kowa.

Sai kuma 'yan jarida. Wasu sukan rubuta maganarsa harafi da harafi yadda lafazinsa ya fito, don masu karatu su yi dariya. Wasu sun yanke masa suna suka mayar da shi Bob ko Bobby, domin ya yi kama da na Amurkawa, har kamfanin da ke buga katunan hotunan 'yan wasa ya yi shekaru yana rubuta Bob a kan katinsa. Bai gaji da gyara musu ba: sunan da iyayensa suka raɗa masa Roberto ne. Da yake kuma mutum ne da idan aka tambaye shi lafiyarsa yakan faɗi gaskiyar inda ke masa ciwo, sai aka laƙaba masa cewa mai raki ne, mai ƙirƙirar ciwo. Alƙaluma sun ƙaryata wannan. Ya buga wa Pirates wasa 2,433, adadin da babu wanda ya wuce shi a tarihin ƙungiyar.

Shekarunsa biyar na farko ba su yi armashi sosai ba, ciwon baya ya riƙa damunsa. Horon da ya samu a rundunar sojan ruwan Amurka ta ko-ta-kwana, wadda ya shiga a 1958, ya ƙara masa ƙarfin jiki. A 1960 ya fito sosai. Pirates ta kai wasan ƙarshe na World Series, wato karawar da ake yi tsakanin zakarun rukunai biyu na gasar, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofi. Suka doke Yankees ta New York, kuma Clemente ya samu bugu a kowane ɗaya daga cikin wasanni bakwai ɗin. Amma da 'yan jarida suka kaɗa ƙuri'ar gwarzon shekara, sai ya zo na takwas, abokin wasansa Dick Groat ya ci. Wannan ya yi masa zafi ƙwarai. Yana ganin ba wasansa aka duba ba, launinsa da harshensa aka duba.

Shekarun ganiya

Martaninsa a fili ya ba da shi. A 1961 ya fi kowa a rukuninsu yawan samun bugu, da 351 cikin kowane zuwa 1,000. Ya sake ɗaukar wannan kambu a 1964 da 1965 da 1967. Na 1965 ya fi ba da mamaki, domin a farkon shekarar zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a asibiti, ya rame, ya isa wurin atisaye a makare. A 1966 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na shekara, kyautar da ya daɗe yana ganin ya cancanta.

Salonsa na bugu ya saɓa wa abin da malaman wasa ke koyarwa. Yakan tsaya nesa, ya riƙa juya wuyansa saboda ciwo, ya kai wa ƙwallon da wasu za su bari ta wuce, da kulki mai nauyi, ya aika ta ɓangaren da masu tsaro ba su zata ba. A wajen tsaro kuwa, ɓangaren dama na bayan fili ne wurinsa. Daga can yakan jefo ƙwallo ta iso zango na uku ko gida kai tsaye, har masu gudu suka koyi tsayawa inda suke idan ƙwallo ta faɗa hannunsa. Shekara 12 a jere, daga 1961 zuwa 1972, yana karɓar kyautar safar hannu ta zinariya da ake ba wanda ya fi iya tsaro a matsayinsa.

Ranar 14 ga Nuwamba 1964 ya auri Vera Zabala, 'yar garinsu Carolina. Sun haifi 'ya'ya maza uku, kuma kowanne sai da ya sa ta koma Porto Riko ta haife shi a can. Da an rufe gasa yakan koma gida, ya zagaya garuruwa yana koya wa yara wasa kyauta. Idan ƙungiya ta je wani birni yakan ware wasiƙun yara marasa lafiya ya je asibiti ya duba su. Saboda daɗewar da ya yi yana neman maganin bayansa, ya koyi tausa da gyaran gaɓoɓi, har maƙwabta kan zo gidansa ya taimaka musu. Babban burinsa shi ne ya gina wata cibiyar wasanni a Porto Riko inda ɗan talaka zai shiga ba tare da an tambaye shi ɗan wane ne ba.

Yana girmama Martin Luther King, mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, wanda ya taɓa kai masa ziyara a gonarsa. Da aka kashe King ranar 4 ga Afrilu 1968, kwanaki kaɗan kafin buɗe gasa, Clemente na cikin waɗanda suka jagoranci 'yan wasan Pirates suka ce ba za su taka fili ba sai an yi jana'iza. Dole aka ɗage wasan. Ranar 1 ga Satumba 1971 kuma, ƙungiyar ta fito da mutum tara da babu farar fata ko ɗaya a cikinsu, karo na farko a tarihin babbar gasar, Clemente na tsaye a wurinsa na dama.

A watan Oktoba na wannan shekara ne duk Amurka ta gan shi da idonta. Pirates ta haɗu da Orioles ta Baltimore a World Series, aka kuma fi ba Orioles rinjaye. Baltimore ta ci wasa biyu na farko. Clemente, yana da shekara 37, ya sake samun bugu a duka wasanni bakwai, 12 cikin zuwa 29, ya kuma tsallakar da ƙwallo bayan katanga a wasa na shida da na bakwai. Pirates ta ɗauki kofi, aka zaɓe shi gwarzon karawar. Da aka miƙa masa makirfo a gaban miliyoyin masu kallon talabijin, sai ya nemi a ba shi dama, ya fara da Sifaniyanci, ya yi wa iyayensa magana ya nemi albarkarsu. Mutumin da aka yi shekaru ana yi wa dariya saboda lafazinsa ya sa ƙasar duka ta saurari harshen uwarsa.

Bugu na ƙarshe

Ya shiga kakar 1972 yana neman bugu 118 ya cika 3,000. Ciwon ciki da na agara suka sa ya rasa wasanni da yawa, 102 kawai ya buga. Ranar 29 ga Satumba, yana da 2,999, ya buga wata ƙwallo da ta kuɓuce wa mai tsaron zango na biyu na ƙungiyar Mets. 'Yan kallo suka ɓarke da sowa, sai mai rubuta sakamako ya ce kuskuren mai tsaro ne, ba bugu ba. Washegari, a zagaye na huɗu, matashin mai jifa Jon Matlack ya wurgo, Clemente ya aika ta tsakanin masu tsaron hagu da tsakiya. Wannan karon babu gardama. Willie Mays, wanda suka taɓa wasa tare a Santurce, yana cikin ƙungiyar Mets a ranar, ya zo ya yi masa barka. Clemente ya sadaukar da bugun ga mutanen Pittsburgh da na Porto Riko, da kuma Roberto Marín, mutumin da ya fara ganin abin da ke hannunsa yana yaro.

A watan Nuwamba ya tafi Nikaraguwa, a Amurka ta Tsakiya, a matsayin mai horar da ƙungiyar Porto Riko a gasar duniya ta 'yan wasan da ba na kuɗi ba. Ya yi kusan mako uku a can, ya zaga kasuwanni, ya yi abokai, ya ga talaucin da ya tuna masa ƙuruciyarsa.

Daren 31 ga Disamba

Ranar 23 ga Disamba 1972, jim kaɗan bayan tsakar dare, girgizar ƙasa ta rushe tsakiyar Managua, babban birnin Nikaraguwa. Dubban mutane suka mutu, dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni. Clemente ya karɓi shugabancin kwamitin agaji na Porto Riko. Bai tsaya ga ba da sunansa kawai ba. Ya shiga rediyo da talabijin yana roƙo, ya yi kwanakin bukukuwan ƙarshen shekara a harabar filin wasa na Hiram Bithorn da ke San Juan yana karɓar abinci da tufafi da magunguna, yana ɗaure kwalaye da hannunsa. Aka aika jirage uku.

Sai labari ya dawo masa cewa kayan ba sa isa ga mutanen da aka tara dominsu. Sojojin Anastasio Somoza, wanda gidansu ke riƙe da ƙasar tun shekarun 1930, suna tare kayan agaji a filin jirgi suna karkatar da su. Clemente ya yi lissafin cewa idan shi da kansa ya sauka daga jirgi, a gaban jama'ar da suka san shi da 'yan jarida, babu sojan da zai iya ɗauke kwali. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike.

Dattawan Dakoro ba sa bukatar a fassara musu wannan. A daidai wannan lokaci ne fari ke cin yankin Sahel, wanda ya kai matuƙa a 1973 da 1974, ya ƙarar da garkunan makiyaya a arewacin Maraɗi, ya kori iyalai zuwa garuruwa suna jiran buhun hatsi. Sojojin da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, a ƙarƙashin Seyni Kountché, sun sa yadda aka tafiyar da abincin agaji cikin laifuffukan da suka ɗora mata. A Nikaraguwa ma, wawure taimakon girgizar ƙasa yana cikin abubuwan da suka juya wa Somoza zukatan jama'a, har aka kore shi daga mulki a watan Yuli 1979.

Jirgin da aka yi haya don tafiya ta huɗu tsoho ne, ƙirar DC-7 mai injin huɗu. Abin da Clemente bai sani ba shi ne, a farkon watan jirgin ya zarce cikin rami a filin jirgi ya lalace, kuma ba a gyara shi yadda ya kamata ba. Babu cikakken mataimakin matuƙi, babu injiniyan jirgi mai takarda. An kuma yi masa lodin da ya wuce ƙa'ida da kusan kilo 1,900. An yi ta ɗage tashi tun da rana saboda gyare-gyare. Da misalin ƙarfe tara da minti ashirin na dare jirgin ya tashi daga San Juan. Bai yi nisa ba inji ɗaya ya lalace, matuƙin ya yi ƙoƙarin juyowa, jirgin ya faɗa Tekun Atlantika kusa da gaɓa. Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya tsira.

Da gari ya waye ranar sabuwar shekara, jama'a suka cika bakin teku suna jira. Jiragen ruwa da masu ninƙaya suka yi kwanaki suna nema. Abokin wasansa Manny Sanguillén, ɗan ƙasar Panama, bai je taron addu'ar da aka yi masa ba, yana can yana nutso cikin ruwan da ke da kifaye masu cin mutum. Gawar matuƙin kaɗai aka samu. Ta Clemente ba a gan ta ba har yau.

Abin da ya bari

A ƙa'ida sai ɗan wasa ya yi shekara biyar da barin fili kafin a sa shi a zauren tunawa da gwarzayen besbol da ke garin Cooperstown. An jingine wannan doka dominsa. A watan Maris 1973 aka yi zaɓe na musamman, ya samu ƙuri'a 393 cikin 424. Ranar 6 ga Agusta aka shigar da sunansa, rana ɗaya da Monte Irvin, mutumin da yake hawa mota ya je kallo yana yaro. Pirates ta jingine lamba 21, babu ɗan wasanta da zai sake sa ta. Kyautar da hukumar gasar ke ba ɗan wasan da ya fi hidimta wa jama'a a kowace shekara aka mayar da ita da sunansa, kuma kowace 15 ga Satumba ana tunawa da shi a filayen gasar. Kamar yadda filin kokowa na Maraɗi ke ɗauke da sunan Kantu, haka wata gada a Pittsburgh, da babban zauren wasanni a San Juan, da filin wasa a garin Masaya na Nikaraguwa suke ɗauke da sunan Clemente. Matarsa Vera ta gina cibiyar wasannin da ya yi buri a Carolina, ta ci gaba da aikin har ta rasu a 2019.

Bayansa wasu 'yan Latin Amurka sun kai 3,000, irin su Rod Carew na Panama a 1985, da Adrián Beltré da Albert Pujols na Jamhuriyar Dominika a 2017 da 2018, da Miguel Cabrera na Benezuwela a 2022. Dukansu sun wuce adadinsa. Pete Rose, wanda ya fi kowa, ya tara 4,256. A jerin mutum 33 ɗin, sunan Clemente ne a can ƙasa, domin shi kaɗai ne bai samu damar ƙara ko ɗaya ba.

Ko bayan rasuwarsa rigimar suna ba ta ƙare nan take ba. Allon tagulla da aka kafa masa a Cooperstown ya jera sunayensa irin na Amurkawa, aka rubuta Roberto Walker Clemente. A al'adar masu jin Sifaniyanci sunan gidan uba ne ke zuwa kafin na uwa. Sai a shekarar 2000, shekara 27 bayan kafa shi, aka sake zuba allon, aka rubuta Roberto Clemente Walker, yadda Melchor da Luisa suka raɗa masa a Carolina.